Rediyo Biyu, Katanga Ɗaya

Cikina na fari ya tsufa aka kai ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na rufe ɗakina a Gwadangaji, na bar ajin da nake koyarwa a Birnin Kebbi, na koma Argungu ina murna zan miƙe ƙafa in ci abincin da ba ni na dafa ba. Ashe fagen daga aka kai ni.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan surukaina. Mahaifina, Baba, da mahaifin mijina, wanda na tashi ina kira Baffa tun ban san zai zama surukina ba, aminai ne tun suna yara suna wanka a gulbi. Gonakinsu na shinkafa a fadama ma iyaka ɗaya gare su. Kullum bayan magariba kowa zai sa a fito masa da kwanonsa ƙofar gida su yi ciyayya a tabarma ɗaya, Baba yana kushe miyar gidan Baffa yana sha, Baffa yana kushe tuwon gidanmu yana neman ƙari.

Ranar ɗaurin aurenmu Baffa ya faɗa a gaban jama'a cewa in Allah ya ba mu ɗa namiji, sunan amininsa za a sa masa. Baba sai gyaran hula kawai. Amma mu mun san inda maganar ta sauka. Mu duka mata ne a wurin Baba, kuma mazan yayyena kowa sunan ubansa ya sa wa ɗansa, don haka duk tarin jikokin nan Baba ba shi da takwara ko ɗaya. Da aka yi mini hoton ciki a asibiti aka ce namiji ne, kafin in iso Argungu labarin ya riga ni, kuma na tarar Baba ya sayi rago ya ɗaure a bayan gida, wai kiwo yake sha'awa.

Abu ɗaya ne bai taɓa haɗa su ba, siyasa. Baba ɗan jam'iyyar da ke mulki ne, Baffa ɗan adawa. Kowa da rediyonsa, kowa da tasharsa, kowa da shirin da yake jira bayan la'asar, inda sojojin baka ke shigowa su wanke jam'iyyarsu tas su shafa wa ta wasu kashin kaji. A rediyon Baba jihar nan ba ta da sauran matsala, sai dai hassadar maƙiya. A rediyon Baffa ko kaza ce ta mutu a Gulma, gwamnati ce ta kashe ta. Ni da na girma a tsakaninsu ina tuna lokacin da mulki ke hannun su Baffa, kuma a lokacin rediyon Baffa ne ba ya ganin rami a titi, na Baba ne ke makokin kaji. Ɗan kudun da ke da shago a bakin layinmu, wanda ya fi ni iya Kabanci, Hausarmu ta Kebbi, ya taɓa ce mini, "Malama, tsohwaffin nan naku batir iri guda suka saye wurina, amma rediyonsu bai taɓa hwaɗin abu guda ba."

Cikin sojojin bakan akwai wanda Baba ya fi so, wani mai kakkaurar murya da ba ya rufe jimla sai da karin magana. Baba kan ce da shi mai gaskiya. In yana magana ba a daka a gidanmu, ba a kiran awaki, ko tari sai ka nemi izini. Baffa kuwa uban maƙaryata yake ce masa, ya ce in mutumin nan ya yi maka sallama ka leƙa waje ka tabbatar akwai shi. Duk wannan wasa ne a lokacin, gishirin ciyayya ne. Kwalbati ne ya ɓata shi.

A hanyar fadama akwai wani kwari da ke cika da ruwa kowace damina, sai an naɗe wando a ratsa. A shekarar nan aka ba wani ɗan kwangila aikin wurin. Ya zo ya zuba siminti, ya gina kwalbati mai kyau a tsakiyar kwarin, ya kwashe kayansa ya tafi bai cike ƙasa ta kowane gefe ba. Sai abin ya tsaya shi kaɗai a cikin ruwa kamar akwatin da aka manta, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ba hanyar hawa ba ta sauka. Duk da haka aka zo da motoci da kiɗa aka yanke kyalle. Wani ɗan jarida daga tashar Baba ya ga dattijo da fartanya a kafaɗa, ya miƙa masa abin ɗaukar magana.

Baba ya dawo gida yana ba mu labari da bakinsa. Ya ce ya gaya musu, "Mun gode Allah, mun gode gwamnati, an yi muna gada. Saura a zo a yi ciko, don har yau cikin ruwa muka bi." Da yamma muka taru gaban rediyo har da awaki. Sai ga muryar Baba tar: "Mun gode Allah, mun gode gwamnati, an yi muna gada." Daga nan sai kiɗa. Na dube shi na ce, "Baba, ina cikon?" Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, fuskarsa sai walƙiya take. Mutum ya shekara da shekaru yana sauraren akwatin nan, yau ga muryarsa ta fito daga ciki, wa zai tsaya neman rabin jimla? Washegari mai gaskiya ya ɗora da cewa manoman Argungu sun kwana suna addu'a, alhali ni dai munsharin Baba na ji.

To magana ta riga ta fita duniya ta ji, dole Baba ya tsaya a kanta. Matan da ke kai abinci gona su suka riƙa kawo mana rahoto suna riƙe ciki don dariya. Kowace safiya in aminan nan suka iso kwarin, Baba sai ya ratsa ruwa har gindin kwalbatin, ya jefa fartanya sama, ya kama gefen simintin ya yi ta fama har ya hau, ya taka zuwa ɗaya gefen da ƙasaita, ya sulalo cikin ruwan da ya baro. Sai ya ce, "Na bi ta gada." Shi kuwa Baffa tasharsa ta ce ko bulo ɗaya ba a aza ba, don haka yakan ratsa ta gefe fuskarsa na kallon gabas. Da rana in masu aiki suka fake a inuwar kwalbatin, Baffa a rana yake zama yana zufa, wai shi ba ya shan inuwar abin da babu shi.

Har a nan ana ciyayya, sai dai murya ta fara tashi. Rannan bayan la'asar ina kwance a ɗakin da aka ba ni, wanda ke jikin zaure, tagarsa na kallon ƙofar gida. Rediyon Baffa na ta ƙara ta bayan katanga, don da gangan yake ƙure shi. Aka buɗe layin masu kira, sai na ji muryar surukina. Ya ce, "Maƙwabcina yac ce an yi gada. Ni da shi kullum cikin ruwa muka bi. A zo a gani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, da kunnena na ji. Mai sharhin tashar ya karɓe, ya ce jama'a kun ji, an ba tsoho buhun taki ya sayar da 'yan uwansa manoma, ga amininsa nan ya tona asiri. Ya yi ta juya maganar yana ƙara mata yaji har lokacin shirin ya ƙare.

Baba ba ya gida, kuma ko yana nan toshe kunne yake in tashar nan na magana. Washegari a waya abin ya iske shi, an yanko guntun an haɗa muryar Baffa da ta mai sharhin, wanda bai ji farko ba zai rantse baki ɗaya ne. A kasuwar albasa wani ya ce masa, "Alhaji, a sam muna taki mana." Aka yi dariya. Baba mutum ne da ko goron biki ba ya ɗauka sai an miƙa masa. Ya dawo gida, da magariba ta yi ya ce wa Inna, mahaifiyata, a kai masa tuwonsa ɗaki.

Na ji Baffa ya shimfiɗa tabarma a waje, na ji ya yi gyaran murya, na ji ya daɗe. Daga baya ya naɗe ta ya shiga gida. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci tuwon dare shi kaɗai ba in ba ciwo ba, kuma abin ya tsorata ni ƙwarai.

Na same shi na durƙusa da ƙyar da tulun cikina. Na ce, "Baba, ni na ji shirin nan tun daga farko. Baffa bai ce an saye ku ba. Mai sharhin ne ya ƙara." Ya dube ni ya ce, "Ke ai ɗiyar gidansu ta yanzu. Mi za ki ce?" Wallahi maganar ta yi mini zafi. Wato mutumin da ke zaune cikin sanyin ofis a Birnin Kebbi, bai taɓa taka fadama ba, shi abin yarda ne, ni da aka haifa a gidan nan na zama 'yar adawa. Na tashi na fita ina huci, ko sallama ban yi ba.

Su Inna da surukata ko a jikinsu. Kwano bai fasa tsallake katanga ba, na miyar kuka ya tafi, na soyayyen kifi ya dawo. Inna ta ce mini, "Bar su. Su waɗancan na rediyo abincinsu suka nema, wanda yac ci ladan kuturu ai dole shi yi mai aski. Waɗanga namu ko ladan ba a ba su ba, askin kawai suka yi." Mijina kuma, da yake zuwa ƙarshen mako, ma'aikacin gwamnati ne mai tsoron rigima kamar wuta. Na ce ya yi wa mahaifinsa magana, ya ce za su shirya. Na ce to sunan fa? Ya sosa ƙeya ya ce suna ai na Baffa ne, shi bai isa ya tambaye shi ba. Na ce Allah ya ba ka lada, ka taimaka ƙwarai.

Aka ɗauki makonni a haka. Suna tafiya gona ɗaya a gaba ɗaya a baya, a masallaci kowa ya nemi ƙarshen sahu daban. Baba ya rame, Inna ta ce kwanon ma rabi yake ci. Rediyon biyu kuwa ƙara musu murya aka yi, har ka rasa wanda kake saurare in kana tsakar gida.

Wata ranar bayan la'asar Baba ya kunna shirinsa, mai gaskiya bai shigo ba, wani ne daban. Baba ya ce wataƙila mura ce. Bai rufe baki ba sai ga kakkaurar muryar nan ta tsallako katanga daga rediyon Baffa. Ya sauya sheƙa. Da muryar nan, da karin maganar nan, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya saki magana, yana cewa a Argungu an binne dukiyar talakawa a cikin kwari an kira shi gada, kuma duk wanda ya yabi aikin nan Allah zai tambaye shi. Shi da ya ce manoma sun kwana suna addu'a.

Ina zaune a tabarma ina tsintar shinkafa, na saci kallon Baba. Ya miƙa hannu a hankali ya kashe nasa. Muka zauna muna sauraren na maƙwabta. Ni tausayin Baffa ma ya kama ni, don ga uban maƙaryata ya shigo masa har cikin gida yana gaskata shi, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba, mai gaskiyarka ya ƙaryata ka ko maƙaryacinka ya goyi bayanka. Ba a jima ba muka ji ƙit, Baffa ma ya kashe. Unguwar ta yi tsit har ana jin kukan tantabarun gidan liman. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Lahiya? Ko batir yaƙ ƙare?" 

Na ɗauka shi ke nan, da magariba za a fito da tabarma. Ina! Girman kan tsofaffi ba ya sauka don an kashe rediyo. Baba ya daina hawa kwalbati, Baffa an ce an gan shi a inuwarsa, amma gaisuwa ba ta haɗa su ba. A cikin wannan hali na haihu, namiji, lafiya lau.

Surukata ta shigo barka da guɗa, ta ce Baffa na gaishe ni. Shi bai tako ba, ko da yake dama suruki ba ya shiga ɗakin mai jego. Ana cikin kwanakin nan wata maƙwabciya da ba ta riƙe magana ta ce ta ji an ce Baffa ya fasa, sunan wani yayansa da ya rasu zai sa. Daga wa ta ji? An ce. Kafin yamma maganar ta kai kunnen Baba. Ya zo bakin ƙofata ya tsaya, ya tambayi jikina, ya leƙa yaron daga nesa bai karɓe shi ba. Ya ce, "Kowane suna an ka sa, Allah shi raya." Muryarsa ce ta karya mini zuciya, kuma da zuciyar ta karye sai faɗa ya fito.

Na ce, "Baba, don Allah ku gafarce ni, amma na gaji. Rediyo ya ce, kun yarda. Waya ta ce, kun yarda. Yau mai an-ce ta ce, kun yarda. Mutumin nan yana bayan katangar nan, in ya yi tari kuna ji. Ku da kanku an yanke muku rabin magana kuna zaune kuna murmushi, me ya sa shi ba za a ƙara masa rabi ba?" Inna ta ce in rufe baki, mai jego ba ta ɗaga murya. Baba ya juya ya fita. Na kasa kunne ko zan ji sallamarsa a gidan Baffa, ban ji ba.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, tabarmi tun daga zaurenmu har zauren su Baffa. Na ɗora ƙafa a bakin gado na leƙa ta taga, Inna na jan zanina tana cewa in sauko. Baba ya zauna can ƙarshe cikin babbar rigarsa, kansa a ƙasa. Baffa na kusa da liman. Aka raba goro, Baffa ya sunkuya ya raɗa wa liman, aka yi addu'a aka shafa. Maroƙi ya miƙe ya buɗe murya ya faɗi sunan. Sunan Baba ne, wanda bakina bai taɓa faɗa ba kuma ba zai faɗa a nan ba. Mata suka ɗauki guɗa a cikin gida, mutane suka juya suna miƙa wa Baba hannu.

Bai karɓi hannun kowa ba. Ya miƙe ya ratsa tabarmin nan yana tsallake ƙafafun mutane har gaban Baffa, ya zauna. Ya nuna maroƙi da haɓa ya ce, "Wanga biyan shi aka yi. Kai nika son ji."

Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yau ka gane hanyar bakina?"

Baba ya ce, "An ce ka ce an saye ni."

Baffa ya ce, "Wa ka sayen ka? Ni da nas san ka, ko kyauta an ka ba ni kai sai na yi shawara." Jama'a suka fashe da dariya, har liman. Shi Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi ban hwaɗi ba. Amma ni nak kira su, ni nab ba su sunan maƙwabci su yi wasa da shi, kuma na ji sun ƙara ban sake kira na ce ƙarya ta ba, don ta yi mani daɗi ran nan. Ka yahe mani." Sannan ya kama hannun Baba, ya faɗi sunan da bakinsa, a hankali, yadda ake faɗa wa jariri a kunne.

A nan na sauko daga gado, don hawaye sun hana idona gani. Inna ta ɗauka ciwo ne ya taso, na ce mata a'a, daɗi ne.

Da hantsi, bayan an watse, Baba ya yi sallama a bakin ƙofata. Wannan karon ya shigo, ya zauna a bakin tabarma ya miƙo hannu biyu. Na sa masa yaron. Ya daɗe yana kallon 'yar fuskar nan kamar ni da Inna ba ma ɗakin. Can ya ce, "Takwara, saura kaɗan ka zo ka iske kakanninka ba su gaisawa. Kuma don mutanen da ko sunanmu ba su sani ba."